Digiri Biyu a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da digiri biyun da suka kusa raba ni da Rukayya ba, ko da kuwa na tsufa na manta sunana.

Lokacin ban fi wata huɗu da fara aiki a wani kamfanin madara ba. Aikina saita ma'aunan zafi na tankuna, in tabbatar abin da sensa, wato na'urar da ke jin zafin, ta nuna shi ne gaskiya. Kaina fa ya kumbura. (Ko masallacin Juma'a za ni, sai na saƙala sukundireba a aljihun gaba, don dai a tambaye ni.)

Hajiya, mahaifiyar Rukayyar da nake nema, tana da injin ƙyanƙyasa a bayan gidansu a Tudun Wada. Ta zuba ƙwai ɗari uku, da kajin take shirin yi wa 'yarta kayan ɗaki. Babu wanda ya kira ni, wallahi. Ni na kai kaina ranar wata Asabar, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ai irin injinan nan ƙarya suke yi. Bari in duba miki."

Ta ce, "Shekara biyar yana yi mini aiki, amma bismillah."

A wurin aiki muna da na'urar gwaji ta musamman. Nan babu, sai na ce a ɗora mini ruwa a risho. Da ya tafasa na zaro bakin sensar injin na tsoma. Allo ya nuna casa'in da takwas. Na girgiza kai irin na likitan da ya gano cuta.

"Kin gani ko, Mama? Ruwa a ɗari yake tafasa, ko'ina a duniya. Injin nan ya cinye miki digiri biyu."

Na danna maɓallai har allo ya nuna ɗari cif, na mayar da sensa, na sha zoɓo, na tafi ina tafiyar injiniyoyi.

Washegari da la'asar aka aiko in zo. Na tarar da Hajiya tsaye gaban injin. Ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta lumshe ido, ta ɗora shi a fatar idonta.

"Ƙwan nan sun yi sanyi."

Mai hankali da sai ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, gaban surukata, na buɗe baki na ce, "Haba Mama, ido ai ba ma'auni ba ne. Dubi allo, talatin da bakwai da rabi, daidai."

Ƙannen Rukayya suka daina cin rake. Ita kuma Rukayya, wadda ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Hanwa (abin da na manta da shi sarai), ta leƙo daga kicin riƙe da ludayi.

"Malam, ɗarin nan a bakin teku ne. Zariya tana sama sosai, ruwanmu kusan a casa'in da takwas yake tafasa. 'Yan aji uku ma na koya wa."

Wayyo Allah! Ashe injin gaskiyarsa yake faɗa. Ni na koya masa ƙarya, shi kuma ya rage wuta, ƙwan kayan ɗakin amaryata suka kwana cikin sanyi. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Na mayar da saitin yadda na same shi, Hajiya na tsaye a kaina da ƙwai a ido har ta ce, "Yauwa."

Kwana goma ban taka layinsu ba. Ranar da aka sa ran ƙyanƙyasa, shiru. Na rantse na rame a yinin nan. Sai washegari Rukayya ta kira, ta kara mini wayar a jikin injin, na ji tsiyau-tsiyau kamar kasuwa.

An yi biki, an yi kayan ɗaki. Darasin da na ɗauka shi ne, kafin in ce wani ma'auni na ƙarya, sai na fara gwada mai gwajin. Amma har yau idan na je gaisuwa aka ɗora ruwan shayi, Hajiya takan ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Injiniya, a sauke, ko mu jira ya kai ɗari?"