Dokta Shamsudeen Ya Je Sayen Rago

Doha ta yi sa'a da Allah Ya ba ta Dokta Shamsudeen. Gas tana da shi, dogayen benaye tana da su, amma mai sanar da ita asalin maganganun Turawa ba ta samu ba sai da ya sauko daga jirgi. Mu 'yan majalisarsa a unguwar Al Gharrafa Ƙamus muke ce masa a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, sai ya buga sunan a katinsa.

Mubarik, wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi, an yi masa haihuwa. Gobe suna, riyal ɗari tara ce a aljihunsa, ba ƙari. Ƙamus ya ce shi zai kai shi sayen rago, don ciniki ilimi ne. Ya zuba babbar riga, ya yi wanka da turare.

Mai raguna, wani dattijo ɗan Sudan, ya ƙare wa rigar kallo ya ce dubu da ɗari biyar. Mubarik ya dafe aljihunsa. Ƙamus kuwa abin nema ya samu, ya gyara tsayuwa, ya dubi Mubarik.

"Irin wannan tsada ce Bature ke cewa ta ci hannu da ƙafa. Ka san asalin maganar? Masu zanen hoto na da, in kanka kaɗai za su zana, araha ne. Ka ce a sa hannu, a ƙara kuɗi. Ƙafa ma haka. Wasu masana sun ce labarin ƙirƙira ne, amma ba su kai ni karatu ba."

"Dokta, ɗari tara fa gare ni," in ji Mubarik a hankali.

Ƙamus ya amsa da Hausa, tunda a ganinsa duk kasuwar ba mai jinta sai su biyu: "Rabu da tsohon nan, wasa nake da shi. Ni ko dubu uku ya ce, kuɗin shayina ne."

Dattijon ya yi murmushi. Ashe kakanninsa mahajjatan Katsina ne da suka zauna a Sudan.

"Madalla, Dokta," ya ce da Hausa tiryan-tiryan. "Dubu uku. Na sallama."

Nan take Ƙamus ya tuna yana da taro a jami'a, ranar Juma'a, ana hutu. Ya manna wa kunnensa wayar da ba wanda ya kira, ya nufi mota yana "yalla, yalla", wato "mu je" da Larabci, riga na sharar kashin tumaki.

Dattijon ya miƙa wa Mubarik igiyar ragon. "Kawo ɗari taranka, ɗana. Allah Ya raya. Shi kuma in ya gama taron, farashinsa na nan yana jiransa."