Rasuwar Maɓalli Dakata Tukuna

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da haushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, babbar nas ta ɗakin masu karaya ke sanar da rasuwar ɗan maɓallin nan rawaya, Dakata Tukuna, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Litinin da hantsi, bayan shekara shida yana hidima a manhajar jadawalin aiki.

Marigayin mai amana ne. Duk nas ɗin da ta cire sunanta ko ta musanya rana da wata, shi ke riƙe gyaran, ya ajiye tsohon a hagu, sabon a dama, da sunan mai hannu a ciki, har sai babbar nas ta sa tabarau ta duba. Bai taɓa ɗaga murya ba. "Ƙit" kawai yake cewa, amma ƙit ɗin nan ta sha dawo da masu ciwon kan ƙarya bakin aiki.

Lafiyarsa ƙalau aka kwantar da shi. Injiniyan da asibiti ya ɗauko, mai ɗan gemu da jakar goyo, ya haska hotuna a bango, wai bincike ya nuna mutane ba sa son jira, wai wanda ya taɓa jadawali a ƙarshe shi ke da gaskiya. Shekara talatin da huɗu babbar nas ta yi tana fama da ’yan Adam, ba ta taɓa ganin wanda ya yi gaskiya don kawai ya zo a makare ba. Ta faɗa a taro. Aka yi mata murmushin da ake yi wa tsofaffi, aka ce wai Mama za ta saba.

Ya rasu ya bar ƙaninsa, Mayar Da Baya, wanda aka tura ƙarƙashin wasu ɗigo uku, ba mai sanin yana raye, da wani ɗan riƙo kore, Shi Ke Nan, sakarai mai cewa "tilin" ko me aka miƙa masa. Ya kuma bar marayu goma sha ɗaya kwance da filasta. Domin kwana biyu da rasuwarsa, nas biyu masu aikin safiyar Alhamis kowacce ta zare sunanta tana zaton ’yar’uwarta na nan. Tilin, tilin. Layin Alhamis a jadawali ya zama fari fat.

Za a yi jana’iza ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, a ɗakin masu karaya. Mama ta saba, kamar yadda aka yi mata fata: ta cike gurbin da sunan injiniya, manhajar ba ta tambayi ko ya taɓa riƙe ko auduga ba, kuma ita ce ta taɓa jadawali a ƙarshe. Ana roƙonsa ya zo da takalmi marar santsi, fo ɗin bahaya goma sha ɗaya na jiransa. In yana da ƙorafi, ya danna marigayin.