Waifai Ɗina Bai Zo Gulma Ba

Ranar da matata ta haihu a Birnin Kebbi, na hana kowa tura wa Inna, surukata, hoton jaririya. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa daga Gulma, ni kuma na ce hoto ƙauyanci ne, kai tsaye za ta ga jikarta tana motsi a bidiyo. Lokacin ban daɗe da sa waifai a gidana na unguwar Badariya ba, har na daina sayen data. A lissafina, tunda wayata ta riƙe lambar sirrin, duk inda na je yana biye da ni.

Na isa Gulma na tarar an shimfiɗa tabarmi, har maƙwabta sun shigo. Na gyara hula, na danna kiran matata. Shiru. Alamar nan mai kama da mafici ta ɓace daga saman wayar.

Na ɗaga ta sama, na zagaya rumbu, na hau turmi a gaban surukai. Zufa ta jiƙa min riga.

Inna ta ce, "Malam, gaya min gaskiya. Ɗiyar tana da rai?"

Sai da na rantse kafin matan gidan suka daina salati. Ashe waifai ɗin ko bakin titinmu na Badariya ba ya kaiwa.

Yarinyar ta shiga makaranta yanzu. Amma har gobe, in na sauka a Gulma, ƙannen matata sai sun leƙa but ɗin mota: "Yaya, ka taho da waifai, ko a aika Badariya a ɗebo a jarka?"