Malam-Buɗe-Littafi a Firij

Wanda bai san ɗan gwaggona Mai Ido Uku ba, bai san fasaha ba. Mu talakawa idonmu bibbiyu ne. Shi tun da ya sayi kyamara ya ce nasa uku ne, kuma na ukun ya fi gani. Ko ruwa zai sha, sai ya ɗaga kofin ya auna haske tukuna.

Ba ya ɗaukar hoton mutane. Ya ce mutane sun yi yawa. Da halittun Allah yake hulɗa, su ma sai waɗanda suka kai matsayinsa.

Ɗakin ajiyar Gwaggo ya fitar wa da buhuna, ya raɗa masa suna sutudiyo. Gwaggo ta kafa sharaɗi: ranar baje kolin ƙungiyar masu hoto za ta je ta gani da idonta. In sana'a ce, ya riƙe ɗakin. In shiririta ce, buhuna su koma.

To, malam-buɗe-littafi ya zaɓa, shi kuwa ba shi da ladabi, ba ya tsayawa a ɗauke shi. Sai gwanin ya samo sirri a wani bidiyo a wayarsa: a kama shi, a sa a firij sanyi ya kashe masa jiki, a ɗora a kan fure, a fesa ruwa ya zama raɓa. Ya rantsar da ni kada in gaya wa kowa. Gwaggo kuwa wata rana ta ɗauko roba a firij, ta buɗe tana zaton tumatir ne, abin ciki ya motsa. Salatin da ta yi har maƙwabta suka amsa.

"Mama, ba za ki gane ba," in ji shi. "Kowa abin da ya gani yake ɗauka. Ni kuwa kaina nake ɗauka."

Ranar baje koli ya karkata hula ya shige gaba, ni da Gwaggo muna biye. Bangon zauren nan, daga wannan kusurwa har waccan, malam-buɗe-littafi ne a kan jan fure, da raɓarsa, kowanne ya yi tsuru-tsuru kamar mai mura. Ashe duk 'yan ƙungiyar bidiyo ɗaya suka kalla. Alƙalai kuma sun hana sa suna a jikin hoto, gudun son kai.

Gwanin ko gezau. Ya tsaya gaban wani hoto, ya gyara murya.

"Jama'a, ku dubi fiffiken nan. Kaɗaicina ke nan. Raɓar nan kuwa hawayen ƙuruciyata ne. Ko cikin dubu aka jefa aikina, hannuna ba ya ɓuya."

Wani likitan haƙori da ke gefe ya ce, "Kai, na gode ƙwarai, ɗan'uwa. Amma wannan ni na ɗauka."

Gwanin ya matsa zuwa na gaba. Wata malamar makaranta ta girgiza kai tun kafin ya buɗe baki.

Gwaggo ta ce, "To, wanne ne naka?"

Ya bi bangon har ƙarshe, ya dawo, ya sake bi.

"Nema a hankali, ɗana, babu gaggawa," in ji ta. Sai ta juyo wurina. "Kai kuma daina washe baki, zo ka taya ni ɗaukar buhuna."