Mista Ormsby Ya Wanke Kyarkeci

Garinmu ya yi babbar sa'a ranar da Mista Clive Ormsby ya baro birnin Brisbane ya zo ya zauna cikinmu. Kafin zuwansa tumaki kawai muka sani. Ya sayi gona, ya sayi hula mai faɗi, ya sayi takalmin kiwo wanda har yau bai taka kashin tunkiya ba. A mashaya muna kiransa Lauyan Kyarkeci.

A taron shirya bikin noma na shekara ya samo sunan. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, an zalunci kyarkeci a tatsuniya! Wa ya taɓa jin ta bakinsa? Bana zan tsara wasa a kan gaskiyar lamari: karen daji irin namu, dingo, shi zai ba da labarin. Kuma ba na son tumakin kwali. Na gaske za a kawo."

Mutanen da dingo ya cinye wa 'yan raguna yake faɗa wa haka. Aka yi shiru. Ya ɗauka labarin ne ya ratsa su.

Ni Darryl, shekara talatin ina askin tumaki, ni ya zaɓa in sa fatar dingo. Na so in ƙi, don ranar Litinin za a fara aski, kuma da aikin wata ukun nan nake ci da iyalina shekara guda. Sai ya dafa ni ya ce, "Darryl, fuskarka akwai baƙin cikin daji." Ban taɓa jin wani ya yabi fuskata ba. Na amince.

Noelene Duggan ce ta ba da aron tumaki goma sha biyu. Ta ce, "Clive, sai dai da jakina Barney. Ba sa zuwa ko'ina ba tare da shi ba."

"Jaki? Madalla! Alamar talaka mai haƙuri ke nan."

Duk wanda ya yi kiwo a nan ya san dalilin sa jaki cikin garke: in ya ga mai kama da kare, sai ya tattake shi. Ni ma na sani. Noelene ta dube ni ta ce, "Kai, mutumina, ka haukace ne?" Na ce ai zai gane muryata.

Ranar Asabar da rana Mista Ormsby ya yi jawabin minti arba'in kan tausayin dabbobi. Sannan na shigo da rarrafe, na ɗaga kai na ce, "Ni ma uwa ce ta haife ni..."

Iyakar abin da dingo ya samu ya faɗa ke nan. Barney ya kama ni ta ƙeya, ya zaga fili da ni, ya juyo ya sa kofato. Tsofaffin makiyaya suka miƙe suna tafi. Wani yana ihu, "Ƙara masa, Barney!" Surukina ne.

Haƙarƙarina uku suka karye. An yi askin bana ina kwance ina kallon silin.

Mista Ormsby ya zo duba ni, ba ko lemo, sai jaridar gari mai hotonsa yana rungume da jakin. Ya ce, "Ka gani? Daman ta bakin jaki na tsara labarin. Amma Darryl, ihunka ya yi yawa. Bai yi kama da na gaske ba."

Na ba shi haƙuri.