Ranar da Na Yi wa Tsohuwa Wanka

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Alhamis ɗin nan ta bayan sallar layya ba, lokacin muna zaune a unguwar Rusaifa, can ƙasa mai tsarki, tun tana bayan gari. Duk unguwar an san ni da abu biyu, ido da tsafta. Tukunyata sai ki ga fuskarki a gindinta, kuma babu tsintsiyar da za a kawar a gidana ban sani ba.

Ɗana na fari fentin mota yake yi a warsha, wato gareji. (Sunansa ba zai fito bakina ba ko a nan. Ɗan fari ne, ba na kiransa, ba na hira da shi, saƙo ma sai ta bakin matarsa Zulai.) Wata uku ina kallonsa ta wutsiyar ido yana ƙera wata 'yar mota da gwangwani, tsawonta bai fi kamu biyu ba. Ta fito tsaf, har da taya da fitila. Ya yi mata koren fenti, na ce a raina Allah ya yi albarka.

Sai kuma na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ya barbaɗa gishiri a kan ƙarfen, ya sake fenti a kai, da ya bushe ya kankare, fentin ya ɓantale kamar ƙazuwa. Ya riƙa ɗiga mata ruwan tsami yana shanya ta a rana. Ya kankaro tsatsar tsohuwar ƙusa ya dama da ƙaro ya shafa a bakin ƙofofinta. Har baƙin fitila ya goga mata a gindi. Na tsaya baki buɗe. Gemu a fuska, yana lalata abin da ya yi da hannunsa. Tambaya ɗaya ta isa, amma uwa ba ta tsayawa tambayar ɗan fari. Na yanke hukunci ni kaɗai cewa ƙazantar warsha ce ta bi shi gida.

Ranar Laraba na ji Zulai na cewa gobe za a ba Malam Haruna motar. Shi ne direban da ya ɗauko mu daga Chadi zuwa Sudan shekaru ashirin da suka wuce, ya zo aikin hajji, Asabar zai wuce Jidda. A ba baƙo wannan abin daga gidana? Da safe, da maza suka fita, na ɗauko ta. Toka, yashi, lemun tsami huɗu. Na dirje ta har hannuna ya yi ja. Wata lotsawa da ke ƙofar hagu ma na sa muciya ta ciki na miƙar da ita. (Na ji daɗin wannan ƙwarai, Allah ya yafe mini.) Na naɗe ta a sabon ƙyalle.

Bayan la'asar maza suka cika tsakar gida ana shan shayi. Ni da kaina na miƙa ƙunshin, na koma bakin labule ina jiran yabo. Malam Haruna ya kwance, ya juya ta, ya sake juyawa.

“Tubarkalla,” ya ce. “Motar wa ce?”

Ɗana ya kalli motar. Ya ajiye kofin hannunsa. Can ya ce a hankali, “Baba, Tsohuwa ce. Motarka.”

“Tawa? Tsohuwa ba ta taɓa wanka ba har ta mutu a Sudan. Ina inda raƙumi ya hankaɗe ta?”

“Da safe yana nan, Baba. Mahaifina ne ya kwatanta mini komai, har tsatsar da ke ƙarƙashin kujerar da Inna ta zauna.”

Ashe tsatsar ita ce kyautar. Wata uku yana tara ta ɗigo-ɗigo, na gama da ita kafin azahar. Maigidana ya waiwayo wajen labule, maza goma sha wani abu suka waiwayo tare da shi.

“Hajiya,” in ji Malam Haruna, “da mun san haka kike, da tun a hanya mun ba ki babbar.”

Aka yi dariya, ban da ɗana. Ni kuwa ko haƙuri ba ni da bakin ba shi. Sai na aika Zulai da kwanon gishiri da kwalbar ruwan tsami, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ya gane.

Malam Haruna ya tafi Asabar hannu wofi, don tsatsa ba ta san sauri ba. Sai hajjin baɗi aka aika masa da ita ta hannun mutanen garinsu. A tsakanin nan ni ce mai fitar da ita rana in ya tafi warsha, ina yayyafa mata ruwan gishiri safe da yamma, maƙwabta na leƙowa suna tambayar ko lafiya.

Tun daga nan, in na ga datti a kayan wani, sai na aika an tambayo ko na ado ne.