Motar Alhaji Ba-a-gaya-maka

Duk faɗin Gaya, daga bakin gada har hanyar Bengu, Allah bai yi mai basira irin Alhaji Siddo ba. Idan kana shakka, tambaye shi. Kamyo biyu gare shi, manyan motoci masu jigilar shinkafa, amma in ya taka ƙasa sai ka ce shi ya haƙa kogin Kwara. Ƴan kasuwa na kiransa Alhaji Ba-a-gaya-maka. Shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Da zaɓen shugaban sandika, wato ƙungiyar masu sufuri, ya matso, Alhaji ya lura cewa abu ɗaya ya rage wa girmansa, wato mota. Ya tsallaka Kwatano, ya dawo da wata tsohuwar Marsandi baƙa, irin wadda manyan gwamnati ke shiga zamanin da. A bayan kamyo ta iso, don a cewarsa babba ba ya zuwa gari da ƙafarsa.

Aka kai ta garaji. Aka sake fenti, dukawa suka lulluɓe kujeru da jar fata. Da an tsaya nan, da ta yi kyau. To amma Alhaji ba ya tsayawa inda mutane ke tsayawa. Ya sa aka dasa kilim mai hura iska mai sanyin ƙanƙara, da firigo, da talabijin. Aka mayar da gilasai baƙi ƙirin, aka cusa soso a jikin ƙofofi don kada hayaniyar talakawa ta dame shi. Daga ƙarshe ya ce a cire hannayen ƙofa, ciki da waje, a sa maɓallin lantarki.

“Jan ƙofa aikin mai kabu-kabu ne,” in ji shi. “Mu manya taɓawa muke yi, duniya ta buɗe.”

Ranar zaɓe ya sallami direba, kada a raba kallo biyu. Ya riga kowa zuwa, ya tokare ƙofar zauren taro, ya kashe inji, ya bar kilim da firigo da talabijin suna aiki. Shirinsa shi ne sai jama'a sun cika maƙil, sannan ƙofa ta buɗe da kanta, ya fito kamar watan salla.

Jama'a kuwa suka cika. Alhaji ya gyara hula, ya taɓa maɓalli. Shiru. Ya danna. Ya dake shi da dunƙule. Batir ya riga ya ba da abin da ke gare shi.

A waje ana ta yaba mota. Wani ya jingina ya ɗauki hoto. Wani ya leƙa baƙin gilashi yana sakace haƙori, hancinsa dab da na Alhaji, bai sani ba. Alhaji ya buga, ya yi ihu, amma soson nan nagari ne, ya yi aikinsa. Aka ce ai mai motar yana cikin zauren taro, kowa ya shige.

Salula na hannunsa. Amma wa zai kira? Mutum kamarsa ya ce a zo a fid da shi? Ya zauna yana riƙe da girmansa, ranar Gaya tana dafa shi. Sai da babbar riga ta jiƙe sharkaf ya kira maiɗakinsa Hamdiyya, murya ƙasa-ƙasa. Ta zo da makanike, aka ɓalle bayan mota, aka ture kujera.

Daidai lokacin da jama'a ke fitowa, Alhaji ya fito shi ma, ta wajen zuba kaya, ƙafafu a gaba, ba hula. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi taro.

“Gwajin ƙofar gaggawa nake yi,” ya ce. “Ku ba ku san wannan ba tukuna.”

Sannan ya nemi a faɗa masa sakamako. Aka faɗa masa. Ko ƙuri'a ɗaya bai samu ba, domin mutum ɗaya tak da ya yi niyyar zaɓensa yana kulle cikin mota.